Ɗaki Mai Fuskantar Gaba a Jirgin Ruwan Yawon Shaƙatawa: Wa Ya Dace Ya Ɗauka, Wa Ya Kamata Ya Haƙura

Babban jirgin ruwan yawon shaƙatawa na iya ɗaukar ɗakunan kwana dubu biyu ko fiye, amma waɗanda tagarsu ke kallon goshin jirgi kai tsaye ba su da yawa. Jere ɗaya ne a kowane bene, wasu jiragen ma ba su da ko ɗaya. Abin da ke jan mutane gare su a fili yake: teku shimfiɗe har iyakar gani, babu kwalekwalen ceto da ya tare taga, kana ganin abin da kyaftin ke gani daga ɗakin tuƙi. Wannan duk gaskiya ne. Amma ɗakin da ya fi kowane daɗi da hantsi, lokacin da jirgi ke shiga tasha a hankali, shi ne kuma ya fi kowane wahala da tsakar dare idan teku ta tashi. Saboda haka ba kyan ɗakin ne zai yanke maka hukunci ba. Hanyar da jirgin zai bi, da watan da za a yi tafiyar, da jikin mutanen da za su kwana a ciki, su ne za su yanke.

Da farko a raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Akwai ɗakin da ke sashen gaba na jirgi amma tagarsa na kallon gefe, dama ko hagu, kamar sauran ɗakuna. Akwai kuma wanda ke jikin bangon gaba, yana kallon inda jirgi ya dosa. Na farkon yana shan girgizar gaba ba tare da ya ba ka kallon gaba ba, shi ya sa galibi yake cikin masu araha a ajinsa. Na biyun shi ne batunmu. Idan dillalin tafiya ya ce maka ɗakin “na gaba ne”, tambaye shi wanne daga ciki, ka kuma nemi lambar ɗakin ka duba ta a taswirar benaye da idonka.

Motsin jirgi

Jirgi a teku yana motsi iri-iri, amma biyu ne suka fi shafar mai zaɓen ɗaki. Ɗaya shi ne rangaji, wato karkata dama da hagu. Ɗayan shi ne sunkuyo da ɗagowa: goshi ya hau igiyar ruwa, ya gangara, baya ya ɗaga. Wannan na biyun kamar katako ne da aka ɗora bisa dutse yara suna lilo a kai, tsakiyarsa kusan a tsaye take, bakunansa ne ke sama da ƙasa.

Lissafin ba shi da wuya. A ce jirgi mai tsawon mita 300 ne, ɗakinka yana nesa da tsakiya da mita 150. Idan jirgin ya sunkuya digiri 1 kacal, wurin da kake zai sauka kimanin mita 2.6, idan ya ɗago kuma ya haura haka. Ɗakin da ke mita 30 daga tsakiya rabin mita ne kawai zai motsa. A digiri 2, kai kana hawa da sauka fiye da mita 5 a kowane ɓangare, shi kuwa wajen mita 1. Jirgi ɗaya, igiyar ruwa ɗaya, amma bambancin ninki biyar ne. Ɗakin mai fuskantar gaba ba ya kai can ƙarshen hancin jirgi, yana ɗan ja baya, don haka adadinsa zai ɗan gaza wannan, amma shi ne mafi nisa gaba a beninsa. Kuma wurin da jirgi ke lilo a kansa yakan ɗan karkata baya da tsakiya, abin da ya sa gaba ke motsi fiye da baya.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba shi ne aikin fikafikan daidaita jirgi, waɗanda ake fiddawa daga gefensa a ƙarƙashin ruwa. Rangaji suke ragewa, kuma suna rage shi sosai. Sunkuyo da ɗagowa kuwa kusan ba su taɓa shi. Don haka idan an ce maka jirgin zamani ne, yana da na'urar hana girgiza, ka sani maganar ta fi amfanar mai ɗakin tsakiya. Motsin da ke damun mai ɗakin gaba, kyaftin ne kawai ke iya sassauta shi ta rage gudu ko sauya alkibla, shi kuma yana da lokacin isa tasha da yake kiyayewa.

Ga kuma tsawo. Ba a iya yin taga mai kallon gaba a cikin gangar jikin jirgi, dole sai a ginin da ke sama da farfajiyar goshi. Wato ɗakin nan ba ya taɓa zama a ƙasa, yana farawa ne daga benaye na tsaka-tsaki zuwa sama. Duk yadda ka yi sama kuwa, rangaji yana ƙara jifa da kai gefe: a tsawon mita 25 daga inda jirgi ke juyawa, karkatar digiri 3 tana kai ka kusan mita 1.3 gefe, alhali a mita 5 ba ta wuce kwatan mita da ɗan kaɗan ba. Shawarar da aka saba ba mai jiri ita ce ya nemi tsakiya kuma ƙasa. Ɗaki mai fuskantar gaba ya saɓa wa duka biyun a lokaci guda.

Hawa da sauka a tsaye, musamman wanda ke maimaituwa kusan kowane daƙiƙa biyar zuwa shida, shi ne motsin da ya fi tayar da zuciya. Wanda mota ke sa shi amai a hanya mai lanƙwasa, ko wanda bai taɓa kwana a teku ba kuma bai san yadda jikinsa zai karɓa ba, kada ya fara da wannan ɗaki. Ba a gwada jiki da tafiyar kwana bakwai da aka riga aka biya, musamman da yake jiragen nan galibi a cike suke tashi, samun canjin ɗaki bayan an bar tasha abu ne mai wuya. Akwai sauƙi ɗaya dai: tagar gaba tana nuna maka layin da sama ta haɗu da teku, kallonsa kuma yana taimaka wa ido da kunnen ciki su daidaita. Da rana ke nan. Da dare labule a rufe yake, kamar yadda za mu gani.

Baranda ko taga

A nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Jiragen nan sukan yi gudun kimanin kilomita 37 zuwa 40 a awa tsakanin tashoshi. Ko da iska ba ta motsi ko kaɗan, wanda ke tsaye a barandar gaba zai ji iska mai wannan gudun tana bugun fuskarsa, domin shi ke kutsawa cikinta. Idan kuma akwai iska mai gudun kilomita 28 a awa tana zuwa daga gaba, wadda a teku ba a ɗauke ta komai ba, sai su haɗu su zama 65. Ƙarfin bugun iska yana ƙaruwa ne da ninkin gudunta a kanta, don haka iskar 65 tana turi kusan sau uku na ta 37. A wannan hali ba a karatu, ba a ajiye kofi a kan tebur, tawul ko hula da aka bari sun tafi teku. Barandar gefe tana samun kariya daga katangar da ke raba ta da maƙwabciyarta, ta baya kuma jikin jirgi gaba ɗaya ya tare mata. Ta gaba ba ta da mai tare mata.

Saboda wannan, masu ƙera jirgi sukan yi wa barandar gaba makari na ƙarfe a maimakon gilashi. Idan ka tsaya kana ganin komai. Idan ka zauna a kujera, ƙarfe ne a gabanka da sararin sama. Wasu kamfanoni suna rubuta irin wannan baranda a cikin ajin “mai tsarewar gani” don haka, wasu ba sa faɗa. Ƙofarta ma sau da yawa ba mai zamewa ba ce, ƙofa ce mai nauyi da dokin ƙofa mai tsawo don hana ruwa shiga, wanda hakan matsala ce ga tsoho da mai keken guragu. A wasu jiragen ana hana fita barandar gaba muddin jirgi na tafiya cikin iska, ma'aikata na iya kulle ƙofar su ɗaure kujeru. Da yawa daga cikinsu ba su da rufi, ko rufin rabi ne, don ginin gaba yana hawa ne mataki-mataki yana ja baya. Ma'anar haka ruwan sama da rana suna samun ka, kuma na saman ka, har da masu aiki a ɗakin tuƙi, na iya hango ka.

To yaushe barandar ke aiki? Lokacin da jirgi ke tsaye a tasha, lokacin shiga da fita a hankali, lokacin ratsa mashigi ko lungun teku inda gudun ya ragu ƙwarai, da ranar da iska ke bin bayan jirgi. A waɗannan sa'o'in babu barandar da ta kai ta, ga ta sau da yawa ta fi ta gefe faɗi. Sai ka duba jadawalin tafiyarka ka ƙirga: sa'a nawa ne irin waɗannan, sa'a nawa ne kuma na gudu a buɗaɗɗiyar teku?

A ganinmu, ga mafi yawan matafiya ɗaki mai fuskantar gaba mai babbar taga ya fi mai baranda riba. Kallon ɗaya ne, iska ba ta shafe ka, kuɗin ya fi sauƙi, kuma saboda bangon gaba a karkace yake, ɗakunan sukan fi na ajinsu girma ko su zo da wani lungu na zama a gindin taga. Wasu jiragen kamfanin Royal Caribbean suna da irin waɗannan ɗakuna a saman gaba masu gilashi daga ƙasa har rufi. Sai dai a kula da abu uku. Karkataccen bango yana cin tsawon ɗaki, dogon mutum zai riƙa sunkuyawa kusa da taga, don haka faɗin da aka rubuta a takarda ba duka ne ake morewa a tsaye ba. Feshin ruwan gishiri yana bushewa a gilashin gaba fiye da na gefe, ba kai za ka iya wanke shi ba, sai ma'aikata sun zo. Na uku, a wasu jiragen akwai farfajiyar kallo ta kowa da kowa a gaban tagar, mutane na wucewa ta gabanka. Wasu jiragen kamfanin Carnival suna da irin wannan ɗaki, suna sayar da shi a ajin ɗakunan ciki duk da yana da taga. Araha ce ta gaske ga wanda bai damu ba, amma da dare idan fitila na kunne a ciki, na waje yana iya ganin ka.

Dare da asuba

Masu tuƙi suna aiki ne cikin duhu da dare domin idonsu ya iya hango fitilun wasu jirage da alamun hanya. Hasken da ya fito daga tagar da ke ƙasa da su yana faɗawa kan farfajiyar goshi ya dawo musu, ya kashe musu gani. Shi ya sa ake buƙatar masu ɗakunan gaba su ja labule da zarar duhu ya yi, a bar fitilar baranda a kashe, a wasu jiragen ma babu ita sam. Mai gyaran ɗaki yakan ja labulen da yamma, idan ka buɗe kuma fitila na kunne ana iya bugo maka waya. Wannan ba tsanantawa ba ce, tsaron jirgi ne. Wanda ke son kallon taurari sai ya kashe duk fitilun ɗaki kafin ya buɗe, kuma a nan ɗakin ya yi fice, don gaban jirgi shi ne wuri mafi duhu a cikinsa.

Ƙara kuwa iri uku ce. Ta farko ta farfelolin gefe ce, waɗanda ke cikin ramuka a ƙasan goshi, suna tura jirgi gefe lokacin jingina da tasha. Idan aka kunna su, ƙarfen jirgi yana ɗaukar kaɗawar ya kai ta sama, kofuna su yi ta ƙara a kan tebur. Jirage da yawa suna isa tasha da sassafe, tsakanin ƙarfe shida da takwas, don haka a tafiyar da kowace rana tasha ce, kowace safiya za a tashe ka. Ta biyu ta anga ce, wato ƙaton ƙarfen da ake saki cikin ruwa da sarƙa don ya riƙe jirgi a wuri ɗaya. A wuraren da jirgi ba ya jingina sai dai a kwashi mutane da ƙananan jirage zuwa gaɓa, irin su Grand Cayman da Cabo San Lucas, akan saki anga mai nauyin tan da yawa. Sarƙarta ana auna ta ne gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa mita 27.5, kuma akan saki gaɓoɓi da dama. Ƙarar ba ta daɗewa, amma babu mai barcin da zai wuce ta. Inda ruwa ya yi zurfi ko ake kare murjani, jirgi na iya tsayawa da injuna maimakon anga, farfelolin gefe su yi ta kunnuwa suna mutuwa yini guda. Ta uku ita ce hon. Dokar hana karo a teku ta ce jirgi mai inji da ke tafiya cikin hazo ya busa dogon hon na daƙiƙa 4 zuwa 6, tazarar da ba ta wuce minti 2 ba, dare ko rana, har hazon ya washe. Idan hon ɗin yana kan turken gaba, ɗakunan saman gaba su ne maƙwabtansa. Arewacin Atilantika kusa da Newfoundland da gaɓar Alaska wurare ne masu yawan hazo.

Akwai kuma dukan igiyar ruwa a ƙirjin jirgi, wanda ake ji kamar an buga ƙaton ƙarfe, jirgin ya yi rawa daga gaba zuwa baya. Ɗakunan ƙasa na sashen gaba sun fi jin sa, amma na sama ma ba su tsira ba. Ta fuskar haɗari kuwa, fashewar tagar gaba abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma ya taɓa faruwa. A watan Afrilun 2005 wata igiyar ruwa da aka ƙiyasta tsawonta da mita 21 ta bugi jirgin Norwegian Dawn yana komawa New York daga Bahamas, ta fasa tagogi a gaba, ruwa ya shiga ɗakuna kusan 60, mutum huɗu suka ji ƙananan raunuka. Wannan ba dalilin gudun ɗakin ba ne. Dalili ne na bin umarni idan ma'aikata suka ce a rufe ƙofar baranda ko a nisanci taga.

Hanyar tafiya

Idan an gama duk wannan, me ya sa wasu ke kama ɗakin nan shekara guda kafin tafiya? Domin akwai hanyoyin da abin kallonsu yana gaba ne, ba a gefe ba.

Mashigin Panama shi ne babban misali. An buɗe shi a 1914, tsawonsa kusan kilomita 80, ratsa shi yana cin sa'a 8 zuwa 10, ana ɗaga jirgi mita 26 zuwa tafkin Gatun ta matakalar ruwa, wato ɗakuna masu ƙofofi da ake cika su da ruwa jirgi ya hau, sannan a sauke shi a ɗaya ɓangaren. Faɗin tsofaffin matakan mita 33.5 ne, sababbin da aka buɗe a 2016 kuma mita 55. Mai barandar gefe bangon siminti yake gani dab da shi. Mai ɗakin gaba yana ganin ƙofofin ƙarfe suna buɗewa, yana ganin jirgin da ke gabansa yana hawa. Gudu kaɗan ne, iska ba ta dame shi, ga zafi da damshi a waje, shi kuwa taku biyu ne tsakaninsa da na'urar sanyaya ɗaki. Haka lungunan tekun Norwe irin su Geiranger, inda duwatsu ke tsaye dama da hagu kana son ganin duka biyun, da lungun tekun Kotor a Montenegro, da doguwar shiga birnin Stockholm ta tsakanin tsibirai. Waɗannan ruwaye ne masu kariya, motsi kaɗan ne. Sai dai a tuna cewa kafin a kai Norwe daga Ingila sai an tsallaka Tekun Arewa, ita kuwa tana tashi.

A Alaska, hanyar cikin tsibirai a kwance take, amma tafiyar da ta tsallaka buɗaɗɗiyar tekun Alaska daban ce. A Glacier Bay kuma kyaftin yakan juya jirgi a gaban tsaunin ƙanƙara domin kowane gefe ya gani, don haka fifikon ɗakin gaba a nan bai kai yadda ake zato ba.

Hanyoyin da ya kamata a yi dogon tunani a kansu su ne mashigin Drake tsakanin kudancin Amurka ta Kudu da Antatika, tekun Biscay a yammacin Faransa da arewacin Sifaniya, tekun Tasman tsakanin Ostireliya da Niyu Zilan, da tsallaka Arewacin Atilantika a kaka da hunturun can. Bahar Rum a watannin zafi galibi lafiya lau take, amma tekun Lion a kudancin Faransa tana tashi idan iskar arewa ta sauko. A Karibiyan lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Jirage suna kauce wa guguwar kanta, amma kumburin teku yana kaiwa nesa da ita. Girman jirgi ma yana da tasiri: ƙaramin jirgin bincike mai tsawon mita ɗari da ɗoriya yana bin kowace igiya, dogon jirgi yana iya hawa kan biyu ko uku a lokaci guda.

Ga wata hujja da ya kamata a auna da gaskiya. Jirage da yawa suna da zauren kallo a saman gaba wanda kowa ke shiga kyauta, wasu kuma suna buɗe farfajiyar goshi ga fasinjoji a ranar mashigi ko ranar tsaunin ƙanƙara. Idan rana ɗaya ce tal a cikin tafiyarka ke da abin kallo a gaba, ɗaukar ɗakin tsakiya da sammakon kama kujera a zauren ya fi. Ɗakin gaba yana biyan kansa ne idan irin waɗannan ranaku sun yi yawa, ko kuma mutum ba ya iya tsayuwa cikin cunkoso.

Alkibla ma abin dubawa ce. Jirgin da ya dosa yamma yana kawo maka faɗuwar rana a taga, tare da zafin la'asar a kan karkataccen gilashi, wanda ke iya rinjayar na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ya dosa gabas yana kawo fitowarta.

Gaba, tsakiya, baya

Ɗakin tsakiya a bene na ƙasa-ƙasa shi ne mafi kwanciyar hankali ga jiki, mafi kusa da lif, kuma kamfanoni sun san haka, shi ya sa sukan ɗan ƙara masa kuɗi a cikin aji ɗaya. Kallonsa gefe ɗaya ne, kuma hanyar gaban ƙofarsa ba ta rabuwa da masu wucewa.

Ɗaki mai fuskantar baya shi ne abokin gwajin na gaba na ainihi. Shi ma yana ba da kallo mai faɗi, barandarsa galibi babba ce, ga ta a ɓoye daga iska, ana zama a cikinta jirgi na gudu. Yana motsi sama da ƙasa, amma bai kai gaba ba, kuma babu dukan igiya. Aibinsa shi ne kaɗawar farfela da injuna, musamman lokacin jingina ko gudu sosai, da baƙin toka daga bututun hayaƙi da kan sauka a kujeru a wasu jiragen. Wanda burinsa shi ne ya yini a baranda ya ɗauki baya. Wanda burinsa shi ne ya ga tasha tana tahowa, ya ga jirgin ja-gora yana matsowa, ya ga ma'aikata suna jefa igiyoyi, ya ɗauki gaba. A buɗaɗɗiyar teku mai kwanciya, gaba ya fi baya shiru, domin injuna suna can nesa, kuma hanyar ɗakunan gaba ba ta ɓullewa ko'ina, sai mai ɗaki a wurin ke zuwa.

Nisa kuwa abin ƙirgawa ne. Manyan jiragen yau sun kai mita 360. A yawancinsu ɗakunan cin abinci suna baya, gidan wasan kwaikwayo da wurin motsa jiki suna gaba. Daga ɗakin gaba zuwa wurin cin abinci na iya kai mita 300, zuwa da dawowa sau uku a rana kusan kilomita 2 ke nan. Ga mai lafiya ba komai ba ne. Ga mai ciwon gwiwa ko mai ɗauke da ƙaramin yaro, wannan kaɗai ya isa ya sauya zaɓi.

Kafin ka biya

Buɗe taswirar benaye ta wannan jirgin takamaimai, ba ta ɗan'uwansa ba, domin jirage masu ƙira ɗaya sukan bambanta bayan gyara. Nemo ɗakin, sannan ka duba benen sama da na ƙasa a daidai wurin. Abin da ake so shi ne ɗakunan kwana sama da ƙasa. Wurin motsa jiki a sama yana nufin ƙarar ƙarafa da injin gudu tun asuba, gidan wasa a ƙasa yana nufin kiɗa har dare da gwaji da rana. Idan ɗakin tuƙi ne kai tsaye a samanka, shiru za ka samu, amma dokar labule ta fi tsanani, kuma ɓangarensa da ya miƙo waje kamar fiffike na iya yi maka inuwa. Idan akwai zaɓi tsakanin benaye, ɗauki mafi ƙasa wanda har yanzu yake hango teku ta saman goshi. Wanda ya yi ƙasa da yawa farfajiyar ma'aikata da injunan naɗe igiya ko filin saukar jirgi mai saukar ungulu zai cika masa taga. Ɗakunan kusurwa, masu kallon gaba da gefe a tare, sukan fi samun wurin fakewa daga iska, sai dai ba su da yawa kuma suna saurin ƙarewa.

Tambayi kamfani ko dillali, a rubuce: makarin barandar ƙarfe ne ko gilashi? Tana da rufi? Ana barin fita idan jirgi na tafiya? Akwai farfajiyar jama'a a gaban taga? Nemi hoton wannan lambar ɗakin, ba hoton ajinsa ba, domin ɗakunan gaba kowanne da siffarsa, wani ma akwai ginshiƙi a tsakiyarsa.

Kula da tikitin da kamfani ke cewa ka biya aji, shi zai zaɓa maka ɗaki. Yana da araha, amma ɗakunan da suka rage ake rabawa, sau da yawa na can gaba ko can baya, kuma ba lalle mai fuskantar gaba ba. Mai gudun girgiza kada ya saye shi, mai neman kallon gaba ma ba zai samu tabbaci da shi ba. Idan kuma ka zaɓi ɗakinka da kanka, ka sa a rubuta cewa ba ka son a ɗaga maka aji, don kada a mayar da kai ɗakin gefe da sunan kyauta.

Ko kana ganin jikinka na da ƙarfi, tafi da magani. Ƙwayoyi irin su meclizine da dimenhydrinate ana shan su ne kimanin awa guda kafin motsi ya fara, suna sa barci, kuma ba su cika amfani ba bayan amai ya kama. Filastar scopolamine ana manna ta a bayan kunne aƙalla awa 4 kafin buƙata, tana aiki har kwana 3, tana busar da baki, tana iya dusashe gani, a wanke hannu bayan taɓa ta. Mai hawan jinin ido, mai matsalar fitsari, mai juna biyu da mai ba yara su fara ganin likita. Kyaftin yakan sanar da yanayin teku da tsakar rana. Idan ya ce za a shiga ruwa mai tashi da dare, sha maganin da yamma, sauke kwalabe da kwamfuta daga kan tebur, ka rufe ƙofofin kabad su kama. Idan jiri ya taso duk da haka, sauka zuwa zauren tsakiya a bene na ƙasa, ko ka kwanta rigingine ka rufe ido.

A ɗaki mai baranda kuma, kada a taɓa buɗe ƙofar baranda da ƙofar shiga ɗaki a lokaci guda jirgi na tafiya. Iskar gaba tana ratsa ɗakin da ƙarfi ta bugo ɗaya daga cikin ƙofofin, kuma ƙofofin nan masu nauyi ne, suna iya karya yatsa. A nuna wa yara wannan tun ranar farko, a kuma riƙa murɗa makullin ƙofar baranda har ya kama, domin idan bai kama ba iska za ta yi ta fito ta gefensa duk dare, a jirage da yawa kuma na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki sai ƙofar ta rufu sosai.